Ma'aunin dalma

Laraba, bayan sallar isha'i.

Na wuni yau da takardun jinga guda biyu a kan teburina, kuma duka biyun ChatGPT, manhajar nan mai yi wa mutum rubutu, ne ya rubuta Turancinsu, domin santsinsa ya wuce na ɗaliban da na san hannunsu. Dokar sashenmu kuwa ba ta da kwana: duk wanda aka kama, sifili ne makinsa.

Mai takarda ta farko matar aure ce. Ta shigo ofis da goyo a baya, ta zaro littafin rubutu wanda kunu ya ɓata gefensa, ta nuna mini shafi shida da ta cika da Hausa, da gogewa da gyare-gyare, kafin ta ba na'ura ta mayar mata da shi Turanci. Mai ta biyun bai zo ba, sai kawunsa ne ya bugo waya da azahar yana cewa, "Malam, a yi mana alfarma, yaro ne."

Tun da ta fita nake tuna wani misali na Aristotil, Bagirken da ya rasu a shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda masana falsafa Musulmi suke kira Malami na Farko. Ya ce magina a tsibirin Lesbos suna aiki da ma'aunin dalma mai lanƙwasuwa ya bi siffar dutse, kuma haka ya kamata hukunci ya zama, saboda doka a dunƙule take magana, kuma wanda ya tsara ta ba zai hango kowane lamari ba. Basirar gane abin da ya dace a yi a lamari guda, ga mutum guda, ita ce yake kira furonesis, kuma a ganinsa matashi yana iya ƙwarewa a lissafi amma ba ya samun wannan basira sai ya daɗe yana gogayya da rayuwa. Masu tsara dokarmu satar amsa suke nufi, ba su yi tunanin mai tunani da Hausa tana neman tafinta ba.

Sai dai kawun ma lanƙwasa yake nema, kuma a nan ne na daɗe ina juya lamarin. Bambancin da na gano shi ne, dalmar Lesbos siffar dutse take bi, alfarma kuwa fuskar mai roƙo take bi. Saboda haka na auna su da abu ɗaya: na kira su duka su kare aikinsu da baki. Ita ta yi minti ashirin tana amsawa, har ta gyara wani wuri da na'urar ta karkatar da maganarta, na ba ta maki, na rage na harshe. Shi kuwa wayarsa a kashe take har la'asar, na rubuta masa sifili.

Abin da ya hana ni barci shi ne ko da zan saurare ta haka in ba don goyon nan ba. Gobe da safe zan kai wa shugaban sashe takardun biyu tare da littafinta, ya duba da idonsa.