Ted Corbitt da darasin auna hanya kafin a danna agogo

Duk wanda ya taɓa horar da 'yan gudu ya san abu biyu ake rubutawa bayan tsere: nisan da aka yi da lokacin da aka ɗauka. Lokacin kowa na sa masa ido. Sai ka ga malamai uku kowa riƙe da agogonsa, ana ta ja-in-ja a kan daƙiƙa biyu. Nisan kuwa direban makaranta ake bar wa, ya zaga da mota ya dawo ya ce kilomita biyar ne, a ce madalla. A shekarun da na yi ina koyar da wasanni a sakandare, babu abin da ya gyara mini aiki kamar gane cewa lokaci ba ya faɗin komai muddin ba a tabbatar da nisa ba. Wanda na ɗauki wannan karatu a wurinsa baƙar fatar Amurka ne, Ted Corbitt, da na ci karo da tarihinsa ina haɗa takardar kammala karatu a kwalejin ilimi.

An haife shi a 1919 a gonar auduga kusa da Dunbarton, jihar Carolina ta Kudu. Daga baya iyayensa suka koma Cincinnati, inda ya yi sakandare da jami'a yana gudun gajeren zango. Zamanin wariyar launin fata ne. Akwai gasar da ba a barinsa ya shiga, akwai garin da in tawagarsu ta je ba zai samu masauki ko wurin cin abinci tare da abokansa farare ba. Ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo ya yi digiri na biyu a fannin gashin ƙashi a Jami'ar New York, ya shiga ƙungiyar New York Pioneer Club ta unguwar Harlem, wadda ke karɓar baƙi da fari tun sauran ƙungiyoyi na rufe ƙofa.

Bai yi gudun famfalaƙi na farko ba, wato dogon tseren titi mai kilomita 42.195, sai yana da shekara 32, a Boston a 1951, ya zo na 15. Shekara guda bayan haka ya zama baƙar fata na farko da ya wakilci Amurka a wannan gudu a gasar Olamfik, a Helsinki, tseren da Emil Zatopek ya lashe. Corbitt ya zo na 44. A 1954 ya zama zakaran ƙasa. Mafi kyawun lokacinsa, awa 2 da minti 26 da daƙiƙa 44, ya yi shi a 1958, shekarar da ya zama shugaban farko na ƙungiyar New York Road Runners, wadda yau ke shirya gudun famfalaƙin birnin.

Duk wannan yana yi ne da cikakken aiki a hannunsa. Sama da shekara arba'in yana gasa wa naƙasassu gaɓɓai a wata cibiya a unguwar Manhattan ta New York, kuma da gudu yake zuwa aiki, wani lokacin ya yi zagaye har mil 20 kafin ya isa. Mil 200 a mako ba baƙon abu ba ne a wurinsa. 'Yan sanda sun sha tare shi, don a idonsu baƙar fata da ke gudu a titi da sassafe sai dai in wani abu ya ɗauko.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. A wancan lokaci yawancin hanyoyin tsere a Amurka da mitar mota ake auna su, wasu ma da ƙiyasi. Mitar mota kuwa tana ƙara ko ragewa gwargwadon girman taya da iskar cikinta, ga shi mota tana bin layinta ne, ɗan gudu kuma yana yanke kwana. Hatta gasar famfalaƙin Boston, uwa ma ba da mama, an sake auna hanyarta bayan tseren 1956 aka tarar ta gaza da kimanin kilomita guda, saboda gyare-gyaren titi da aka yi ta yi ba a sake awo ba. Mutum ya yi wata da watanni yana atisaye, ya kafa tarihi, a zo a ce tarihin ba ya cikin lissafi. Gajeriyar hanya tamkar mudun da aka buge wa gindi ne: mai saye ya tafi da murna, sai ya je gida ya juye ya ga gaskiya.

Corbitt ya yi ta musayar wasiƙu da John Jewell na ƙungiyar 'yan gudun titi ta Ingila, wanda ke auna hanya da keke, kuma a 1964 ya fitar da ɗan littafi a kan yadda ake wannan awo. Ya shugabanci kwamitin da ke tantance hanyoyin tsere a Amurka shekaru da dama, yana duba takardun awo da ake aiko masa daga jihohi, bayan ya tashi daga aiki. A 1971 wani Ba'amurke, Alan Jones, ya ƙera wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a ƙafar gaba ta keke tana ƙirga juyi, kuma har gobe da ita ake aiki.

Ga yadda abin yake. Za a samu miƙaƙƙen titi shimfiɗaɗɗe, a auna aƙalla mita 300 da tef ɗin ƙarfe irin na masu awon fili, a kafa ƙusa a farko da ƙarshe. Mai awo ya hau keken ya bi wannan tazara sau huɗu, biyu zuwa biyu dawowa, ya fitar da adadin juyi a kilomita guda. Sai ya bi hanyar tseren ta mafi gajartar layin da ɗan gudu zai iya bi, yana yanke kowace kwana, tazarar santimita 30 daga bakin titi. Da ya gama ya koma gun ƙusoshin nan ya sake gwada keken, don tayar da aka gwada da sanyin asuba ba ita ba ce bayan rana ta buga ta. A yau ana ƙara mita ɗaya a kan kowace kilomita don kada hanyar ta gaza, wato mita 42 ke nan a kan kilomita 42.195 na famfalaƙi. Ko bayan duk wannan ƙoƙari an ci gaba da tuntuɓe: ɗan gudun Amurka Alberto Salazar ya yi awa 2 da minti 8 da daƙiƙa 13 a famfalaƙin New York a 1981, aka yi ta shelar sabon tarihin duniya, daga baya aka gano hanyar ta gaza da kusan mita 150.

Ni ba ni da na'urar Jones. Abin da nake yi, in ɗaura guntun roba a jikin wayar taya yadda duk juyi zai bugi ƙarfen keken ya ce ƙas, in saka carbin nan na yatsa da ake dannawa, in yi ta tafiya a hankali ina danna shi. Tayar da kewayenta ya ɗan haura mita biyu tana juyawa wajen sau 470 a kilomita. Da shugaban makarantarmu ya gan ni ina fama, cewa ya yi, "Malam, wannan wahala fa? Ai direba ya riga ya auna." Na ce, "Yallaɓai, a bar keken ma ya faɗi nasa." Hanyar da aka daɗe ana kira kilomita biyar ta fito ba ta kai ba, aka tura layin farawa baya. Yara suka yi ta gunaguni don lokutansu sun yi nauyi a takarda. Sai dai tun daga nan in yaro ya rage rabin minti, na san ƙafarsa ce ta rage, kuma in ya je gasar jiha ba ya dawowa yana mamakin yadda aka bar shi a baya. Manyan tseren da ke da tambarin hukumar wasannin guje-guje ta duniya, irin na Legas da na Okpekpe a jihar Edo, sai ƙwararren mai awo ya bi su da keke kafin a amince da lokutansu. Ban ga dalilin da zai sa ɗan sakandare ya samu ƙasa da wannan gaskiya ba.

Akwai abin da nake yawan tunani a kai, kuma fahimtata ce kawai. Mutumin da aka sha hana shi tsere saboda launin fatarsa, da ya samu dama sai ya zaɓi aikin da ke cire son rai daga lissafi. Hanyar da aka auna ba ta san ɗan wane ne ke kanta ba. A tsarin da ya taimaka aka kafa, wanda ya yi gudu a ƙaramin gari yana iya ajiye lokacinsa kusa da na zakaran Boston, ba tare da neman alfarmar kowa ba. Ina ganin wannan ya fi duk kofunansa amfani, ko da yake ba shi ake fara ambata ba in an zo yabonsa.

Ba duk abin da ya yi nake koya wa yara ba. Mil 200 a mako zai karya ɗan shekara 16, musamman wanda bai ƙoshi ba. Corbitt ya kai wannan matsayi ne a hankali cikin shekaru masu yawa, ga ilimin jiki yana da shi, yana yi wa kansa tausa da gashi, yana kuma rubuta duk atisayensa a littafi. Littafin nan na ɗauka: kowane ɗan guduna yana da nasa, kwanan wata, nisa, lokaci, da inda ke masa ciwo. Da shi nake gane yaron da ke dab da samun rauni tun kafin ya fara ɗingishi.

Shi kansa bai tsaya a famfalaƙi ba. Ya je tseren Landan zuwa Brighton, mai sama da mil 50, har sau biyar. A 1969, yana da shekara 50, ya yi mil 100 a filin tsere a Ingila cikin awa 13 da minti 33. A 1973 ya yi mil 134 cikin awa 24. Cutar asma ce ta raba shi da gasa mai zafi a tsakiyar shekarun 1970, sai ya koma tafiyar ƙafa. A 2001, yana da shekara 82, ya shiga gasar kwana shida a New York ya taka mil 303, kusan kilomita 488. Jimillar dogayen tseren da ya kammala ta kai 223. Ya rasu ranar 12 ga Disamba, 2007, a Houston, yana da shekara 88.