Tsohuwar da ba na wuce bidiyonta

Duk shirmen da ke TikTok, akwai wata tsohuwa da in na ci karo da ita sai na tsaya: Lily Ebert. Bayahudiya ce haifaffiyar Hangari, wadda ta yi zamanta a Landan. Tattaɓa-kunnenta ne ke karanto mata tambayoyin mutane, ita kuma tana amsawa a natse, kamar kaka da jikoki.

A 1944 'yan Nazi na Jamus suka cusa ta da danginta a taragon dabbobi zuwa Auschwitz, sansanin da suke tsare Yahudawa suna kashe su. Isarsu ke da wuya aka kashe mahaifiyarta da ƙaninta da ƙanwarta.

Abin da ya fi tsaya min a rai ɗan abin wuyanta ne na zinare. A dunduniyar takalmi aka ɓoye shi. Da dunduniyar ta cinye, sai ta koma tura shi cikin guntun burodin da ake ba ta kullum, ga yunwa kamar ta kashe ta. Har ta tsufa yana wuyanta.

Na ga bidiyon da ta nuna lambar fursuna da aka zana mata a hannu a sansanin. Wallahi kasa cin abinci na yi a daren.

Ta rasu ranar 9 ga Oktoba, 2024, tana da shekara 100.