Jirgin ruwan da zan ja da mota kuma in zauna a ciki

Tun da na koma zama cikin jirgi ake ta yi min tambaya ɗaya, wai wanne za su saya. To bari in faɗi yadda tawa ta kasance, don ni ma sai da na saya na sayar na sake saye kafin na gane inda gizo ke saƙar.

Abin da nake so tun farko shi ne ƙaramin jirgin filafili wanda zan ɗora a tirela in ja da mota, in sauke shi a duk tafki ko gaɓar tekun da na ga dama, in wuri ya ishe ni in fito da abina in ƙara gaba. Wannan sharaɗin kaɗai ya yanke rabin zaɓin saboda titi yana da dokarsa. A yawancin jihohin Amurka faɗin abin da za ka ja ba tare da izini na musamman ba ƙafa 8 da inci 6 ne, a Turai kuma mita 2.55, kusan duk ɗaya. Ka ga kenan komai tsawon jirgin faɗinsa ba zai wuce nan ba, kuma cikin wannan ɗan faɗin ne gado da kicin da ban ɗaki da duk tarkacenka za su shiga.

Na farkon da na saya ƙafa 22 ne, kyau kam ba a magana, in iska ta kama filafilin nan sai ka ji kamar ba a taɓa yin wani jirgi ba. Ranar da na je dubawa rana ta fito tas, muka fita yawo da mai shi na awa biyu, ɗakin ciki kuwa leƙawa kawai na yi na ce ai ya isa. Wata guda da tarewata aka yi ruwan sama kwana uku ba ƙaƙƙautawa. Ba na iya miƙewa tsaye, ko zama na yi sai na ɗan sunkuyar da kai, wando a kwance nake sa shi, girki a durƙushe, ga ƙofa a rufe numfashina da tururin tukunya sun taru a rufin suna ɗigo min a fuska cikin dare kamar rufin ne ke yoyo alhali ba shi ba ne. Da na ɗaga katifa a rana ta huɗu ƙasanta ya yi baƙi ƙirin da fumfuna. Jiki magayi, bayana ya yi sati yana ciwo. A nan na gane cewa in zama za ka yi, awannin da kake tuƙi ba su kai ɗaya bisa goma na awannin da kake cikin ɗakin nan ba, amma ni tuƙin kaɗai na gwada.

Abin da ya fi raba jiragen nan shi ne kil, wato nauyin da ke ƙarƙashin jirgi wanda ke hana shi kifewa in iska ta tura filafili. Akwai mai naɗewa, ƙarfe ne da ake ɗagawa da winci, wato na'urar da ke naɗe wayar ƙarfen da ke riƙe da shi, ya kwanta a jikin jirgin. Catalina 22 shi ne sananne a wannan layin, Frank Butler ya fito da shi a 1969 kuma an ƙera sama da dubu 15, shi ya sa kayan gyaransa ba wuya, wasu ma rufinsu yana ɗagawa sama in ka tsaya ka samu wurin miƙewa. Irin wannan kil ɗin yana da daɗin saukewa a ruwa mara zurfi, sai dai waya da ƙusar da yake juyawa a kai suna cikin ruwa kullum kuma ba ka ganinsu, jirgin da aka yi shi don a yi kwana biyu a ruwa a mayar da shi tirela kai kuma ka bar shi wata shida a ruwan gishiri, dole ka riƙa fito da shi kana dubawa.

Sai masu tankin ruwa. Dabara ce mai kyau gaskiya, in ka sauke jirgin sai ka buɗe bawul ruwa ya cika wani tanki a ƙasa, sama da rabin tan, shi ne zai zama nauyin da ke hana jirgin kifewa, in za ka tafi ka zubar da shi ka ja jirgi mara nauyi. MacGregor 26 haka yake, da Hunter 260. Tunda nauyin bai sauka can ƙasa ba suna saurin karkata in iska ta taso, kuma ba a fita da tankin rabi ko babu komai a ciki da filafili a sama, wannan kam ba wasa.

Na uku masu kil kafaffe, su ne nake mafarkinsu har yau. Flicka ƙafa 20 ne kacal, zanen Bruce Bingham, amma mutum matsakaici yana miƙewa tsaye a ciki kuma an tsallaka manyan tekuna da shi. Nor'Sea 27 na Lyle Hess faɗinsa ƙafa 8, da gangan aka yi shi haka don ya hau titi. To amma Flicka ya haura tan biyu da rabi tun kafin ka haɗa da tirela, Nor'Sea ya wuce tan uku da rabi, sai babbar mota, kuma a gangaren sauke jirgi da yawa ruwan bai kai zurfin da zai taso daga tirelar ba, ƙarshe sai ka nemi kuren, injin ɗaga kaya masu nauyi, ya ɗaga maka. Jirgi ne da za ka iya kaiwa wani wuri sau ɗaya ko biyu a shekara, wanda ke son yau nan gobe can ya haƙura da shi.

Maganar nauyi kuwa kar ka yarda da lambar da ke takardar talla. Wancan nauyin jirgi ne tsirara. Ka ƙara tirela, injin baya, batir biyu, sola, anka da sarƙarta, kayan aiki, ruwan sha wanda kowace lita kilo guda ce, sai ka ga ka haura abin da motarka za ta iya ja ba ka sani ba. Ni sai da na hau sikelin manyan motoci na ga lambar da idona. Tirelar ma a duba ta kamar jirgin, birki da taya da boris, don ita ake tsomawa cikin ruwa kowane lokaci, boris ɗina ya taɓa ƙonewa a tsakiyar hanya ina kallon hayaƙi ta madubi.

Sai jigon filafili, abin da ba wanda ya gaya min. Duk saukewa sai ka tayar da shi, duk tafiya sai ka kwantar. In aikin yana cin awa biyu da mutum biyu wallahi ba za ka riƙa yi ba, jirgin zai zauna wuri ɗaya tirelar ta ruɓe a banza. Kafin in sayi na biyun na ce da mai shi ya tsaya gefe ya bar ni in tayar ni kaɗai, ya yi ta dariya, minti 40 na yi. Kuma a riƙa ɗaga kai ana duba wayar lantarki kafin a tayar, an rasa rayuka ta nan.

Ƙarshe dai mai tankin ruwa na ɗauka, ƙafa 26, tsoho. Masu son tuƙi na gaske suna yi min kallon raini in na wuce, kuma suna da gaskiyarsu, in iska ta yi ƙarfi ina rage filafili tun kafin kowa ya fara tunani, teku mai nisa kuwa ba na zuwa. Amma ina miƙewa a bakin kicin, ban ɗakin yana da ƙofa, motata tana jansa ba ta nishi.

Ranar duba shi da tef ɗin awo na je. Na cire takalmi na taka ko'ina a saman jirgin ina neman inda faiba, wato robar mai tauri da aka yi jikin jirgin da ita, ke lotsawa, don in katakon da ke tsakiyarta ya sha ruwa ya ruɓe gyaran ya fi ƙarfin mai koyo. Na shinshina kowace ma'ajiya, na ɗaga katifa. Sannan na roƙi mutumin ya rufe ni a ciki, na kwanta a gadon, na zauna, na yi kamar ina girki, na canza riga a tsaye. Bayan kusan awa ɗaya ya ƙwanƙwasa yana tambaya ko lafiya, na ce masa lafiya lau, ya je ya kawo takardun.