Abin da Kwaikwayon Kwamfuta Yake Rasawa a Titunan Legas

Idan za a sake fasalin wata babbar mararraba, ko tasha, ko kasuwa a Legas, sau da yawa shirin yakan zo da wani bidiyo da ke nuna ƙananan motoci masu launi suna tafiya lami lafiya a kan titin da ba a ma gina ba tukuna. Ba zane ne na ado kawai ba. Sakamakon wata manhaja ce da take kwaikwayon kowace mota ɗaya bayan ɗaya, tana lissafa gudunta, da tazarar da ke tsakaninta da ta gabanta, da lokacin da za ta canza layi ko ta kutsa cikin mahaɗa, sau da dama a cikin kowace daƙiƙa. A matsayina na mai aikin ƙidayar ababen hawa da tsara mahaɗun tituna, ina ganin amfanin wannan fasaha, amma ina kuma tsoron ƙarfin da take da shi a kan masu yanke hukunci, domin mun saba da cewa gani ya kori ji, kuma wanda ya ga motoci suna gudana a kan allo da wuya ya tsaya tambayar abin da aka zuba wa kwamfutar kafin ta nuna hakan.

Da yawa daga cikin manhajojin da aka fi amfani da su daga Turai suka fito. Vissim ta kamfanin PTV ce da ke Karlsruhe a Jamus, kuma ƙa'idarta ta yadda direba yake bin motar gabansa ta samo asali ne daga binciken Rainer Wiedemann na shekarar 1974. Aimsun daga Barcelona take, SUMO kuwa cibiyar binciken sufurin sama da sararin samaniya ta Jamus ce ta fara ta a 2001, kuma kyauta ce. Direban da ke cikin waɗannan manhajoji, idan ba a taɓa saitinsu ba, mutum ne mai tsayawa a layinsa, mai barin tazara, mai jiran a ba shi hanya. Duk wanda ya taɓa bi ta Ojota ko Iyana Ipaja da yamma ya san cewa titi mai layi uku yakan ɗauki jeri huɗu ko biyar, kuma hanya ba jiranta ake yi ba, da hancin mota ake karɓar ta. Ana iya gyara saitin domin motoci su riƙa cusa kai gefe da gefe, kamar yadda masu bincike a Indiya suka daɗe suna yi, sai dai gyaran yana buƙatar awo na gaskiya daga titin, kuma wannan awon shi ne yake cin kuɗi da lokacin da kwangila ba ta cika warewa ba. Sai a ƙare da aikin telan da ya ɗinka riga da awon wani mutum dabam.

Amma a ganina babbar matsalar a bakin titi take, wurin danfo, wato ƙananan bas-bas na haya na Legas. Manhaja ta san bas mai tasha da jadawali, wadda take tsayawa gwargwadon yawan masu hawa da sauka, sannan ta tashi. Irin wannan bas akwai ta a Legas tun Maris na 2008, lokacin da hukumar tsara sufurin Legas, LAMATA, ta buɗe layin manyan bas-bas masu keɓantacciyar hanya, wato BRT, daga Mile 12 zuwa CMS, kuma kwaikwayon ta ba shi da wuya. Danfo kuwa ba ya tashi don lokaci ya yi, yana tashi ne idan ya cika, ko idan kwandasta ya ga na bayansa zai kwashe masa fasinjan gaba, ko idan an gama ciniki da ɗan kamasho, ko idan jami'in hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta LASTMA ya doso. Yakan tsaya a karkace, rabi a kan layin farko, na biyu ya zo ya tsaya a gefensa, kafin a ankara titi mai layi uku ya koma layi ɗaya da rabi. Lissafin da aka saba da shi yana cewa layi guda yana iya fitar da ƙananan motoci 1,800 zuwa 1,900 a awa ɗaya idan danja ta ba da hanya babu yankewa, amma wannan adadi ba ya nufin komai a wurin da mita hamsin bayan danjar an mayar da titin tasha. Wanda ya kwaikwayi mahaɗar daidai, ya bar wannan tashar da ba ta cikin taswira, ya warware matsalar da ba ita ce take hana mutane isa gida ba.

Sai kuma bayanai. A garin da har yawan mutanensa ake jayayya a kai, inda ƙidayar 2006 ta ba jihar kimanin miliyan 9 gwamnatin jihar kuma ta ce sun haura miliyan 17, ba abu ne mai sauƙi ba a ce ga adadin masu tashi daga Ikorodu zuwa Ikeja kowace safiya. Akan dogara da ƙidayar motoci a bakin titi, ta kyamara ko ta matasa masu riƙe da takarda, kuma a nan akwai tarkon da ba kowa yake lura da shi ba. A cikin gosulo, abin da mai ƙidaya yake rubutawa shi ne motocin da suka samu wucewa, ba waɗanda suke son wucewa ba. Sauran suna can baya a jere, wasu sun bi ta lungu, wasu kuma sun baro gida tun kafin asuba don kada su haɗu da cunkoson. Idan aka zuba wannan ƙidaya a manhaja a matsayin buƙatar jama'a, komai zai wuce sumul. Har ma'aunin GEH da aka aro daga Birtaniya don gwada kwaikwayo da ƙidayar gaskiya, wanda yake so sakamakon ya kasance ƙasa da 5 a kashi 85 cikin 100 na wuraren da aka gwada, za a iya cika shi tsaf, domin yawan motoci kawai yake kwatantawa, ba ya tambayar tsawon layi ko mintunan da tafiya ta ci.

Ko an yi awon da kyau, yanayin ba ya tsayawa wuri ɗaya. A Fabrairun 2020 gwamnatin jihar ta hana acaba da Keke Napep a wasu ƙananan hukumomi, a Yunin 2022 aka sabunta haramcin acaba. A Fabrairun 2021 aka fara tsarin Eto na kiran tireloli zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa. A ƙarshen Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, kuɗin mota ya tashi, a Satumbar shekarar jirgin ƙasa na layin shuɗi ya fara ɗaukar fasinja tsakanin Marina da Mile 2, a 2024 kuma layin ja ya biyo baya daga Agbado zuwa Oyingbo. Kowanne daga cikin waɗannan ya sauya wanda yake kan titi da abin da yake hawa, ga shi kuma ana so kwaikwayon ya faɗi yadda mahaɗa za ta kasance nan da shekara goma ko ashirin. Ruwan sama na awa biyu ma ya isa ya rushe lissafin rana guda.

Akwai kuma batun iyaka. Kowane kwaikwayo yana da inda ya ƙare, kuma motar da ta kai ƙarshen taswirar ɓacewa take yi kawai, kamar an buɗe mata fili. Gadar sama irin ta Pen Cinema da aka buɗe a Agege a 2021 tana ɗauke motoci daga kan mahaɗa da layin dogo, wannan alheri ne a fili, amma kowace gada tana sauke abin da ta ɗauko a wani wuri, kuma idan wurin yana wajen taswirar, bidiyo ba zai taɓa nuna layin da ya koma can ba. Haka nan manhajar ba ta ƙirƙiro sababbin tafiye-tafiye da kanta, alhali sake fasalin gari ma'anarsa ke nan: sabon titi yana jawo gidaje da shaguna, kamar yadda hanyar Lekki zuwa Epe ta nuna, tun ma kafin tashar jiragen ruwa ta Lekki da matatar Ɗangote su ƙara mata manyan motoci.

Inda abin ya fi shafar mutanenmu shi ne kasuwanni. Tirelolin kayan gwari da ke zuwa kasuwar Mile 12 daga Arewa, da motocin shanu da ke nufar mayankar Oko-Oba a Agege, ba sa bin lokacin ma'aikatan ofis, kuma ƙidayar da ta fara ƙarfe bakwai na safe ta ƙare bakwai na yamma tana iya rasa wani babban ɓangare na zirga-zirgarsu. 'Yan dako, da masu baro, da masu tura kura, da mai talla a tsakanin motoci, galibi ba su da gurbi a cikin manhajar sai a matsayin cikas da ke rage gudu. Cire su daga kwaikwayo aikin minti ɗaya ne, nan take kuma alkaluma za su yi kyau. Amma abin da ba a ƙidaya ba ba a ware masa wuri a zane, don haka idan an gama gini, wurin sauke kaya bai isa ba, mai tirela ya dawo kan titi, a ce masa mai karya doka. Oshodi, wadda aka share kasuwar bakin titinta a 2009 aka kuma buɗe mata sabuwar tasha mai ɓangarori uku a 2019, ta isa ta tuna mana cewa ciniki da sufuri a Legas abu ɗaya ne, ba a matsar da ɗaya ba tare da an taɓa ɗayan ba.

Ban ce a jefar da fasahar ba. Wajen kwatanta zaɓi biyu a ƙaramin wuri, kamar tsawon lokacin danja, ko inda za a sa wurin juyawa, ko a matsar da wurin lodin danfo gaba ko baya, tana da amfani ƙwarai, muddin an maimaita gwajin sau da yawa, tunda akwai abubuwan da take zaɓa kara-zube a cikin lissafinta kuma gwaji ɗaya yana iya zama sa'a. Abin da nake so shugabannin kasuwa da na ƙungiyoyin direbobi su riƙa yi idan an kira su taron masu ruwa da tsaki shi ne su tambayi ranar da aka yi ƙidayar da awowinta, da inda taswirar ta tsaya, da wurin da aka ware wa tirela ta sauke kaya. Sannan su nemi a fara kunna musu kwaikwayon titin kamar yadda yake a yau, kafin na gobe, su duba ko layin motocin ya kai shagon da kowa a kasuwar ya san yana kaiwa da ƙarfe shida na yamma.