Abin da na koya a kantar tikiti a filin jirgin Kano

Shekara uku kenan ina aiki a kantar tikiti a filin jirgin Malam Aminu Kano, kuma gaskiya farkon zuwana ban damu da sanin komai kan wajen ba, ni dai in auna kaya in miƙa tikiti in tashi.

Wata rana cikin hunturu hazo ya sauko sosai, ko hasumiya ba a gani da kyau, aka ɗaga tashin jirgi har sau biyu, fasinjoji suka yo kaina ca, wata Hajiya har tana buga fasfo a kan kanta wai ɗaurin auren 'yarta za ta rasa. Raina ya ɓaci na koma gefe ina cewa wallahi kyaftin ɗin nan tsoro ne kawai ke damunsa. Wani dattijo da muke aiki tare, Baba muke ce masa, ya ji ni. Ya ce "yaro zo nan, ka san abin da ya faru a nan ran 22 ga Janairun 1973?" Na ce a'a Baba. Ya ce jirgin alhazai ne Boeing 707 ya taso daga Jidda zai je Legas, yanayi ya ɓaci can aka juyo da shi Kano, wajen sauka ya yi hatsari ya kama da wuta, mutum 176 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Ya nuna min titin jirgin da hannu, bai ƙara cewa komai ba. Jikina ya yi sanyi wallahi.

Daga ranar na fara bin tarihin wajen, ashe ma a nan Kano harkar jirgin sama a Najeriya ta faro, ni da nake zaton Legas ce. A Nuwamban 1925 jiragen sojan saman Ingila guda uku da suka taso daga Masar suka sauka a filin folo na Kano, a 1936 kuma kamfanin jiragen Ingila Imperial Airways ya fara zuwa daga Khartum. Lokacin yaƙin duniya na biyu a Takoradi ta Gana ake harhaɗa jiragen yaƙi, su biyo ta nan su sha mai su wuce Maiduguri har Alƙahira. Kenan soja ne suka share hanyar kafin 'yan kasuwa da alhazai su bi, kuma har yau sojan samanmu, da aka kafa a 1964, suna koyar da tuƙi a gefenmu, muna jin ƙarar jiragensu.

Abin da ya fi ci min rai shi ne Nigeria Airways, kamfanin jirgin sama na ƙasa, daga 1958 har ya durƙushe a 2003, Baba idan yana ba da labarinsa sai muryarsa ta canza.

Yanzu in hazo ya tsare jirgi ba na ɓoyewa bayan kwamfuta, fitowa nake in ce Alhaji a yi haƙuri, kyaftin ba ya ganin titi ne, ga kujera can, da an samu haske ni da kaina zan zo in kira ku.