29 ga azumi, da uwar Hank Aaron

Litinin, 8 ga Afrilu, 2024.

Auta ya cika shekara goma sha biyu yau, kuma tun a sahur ya hana kowa sakat. Ya jingina waya da kofin kunu yana karanto mana 'yan wasan besbol da aka haifa rana ɗaya da shi, Abbansu na ta cewa ya ci abinci tukuna kada lokaci ya fita, shi ko a jikinsa. Gary Carter ne ya fi faranta masa rai, don shi ma mai tsugunawa ne a bayan mai bugu yana cafke ƙwallo, wurin da kociya ya ajiye Auta tun bara. A 1954 aka haife shi, ya yi zamani a Montreal Expos, ya koma New York Mets ya ɗauki kofin World Series da su a 1986. Sai Catfish Hunter, haihuwar 1946, wanda ya yi jifa wasa guda cur a 1968 ba a samu ko mutum ɗaya da ya taka tasha ta farko ba. Félix Hernández na Venezuela ya maimaita irin wannan wa Seattle a 2012, shi kuma ranarsu ɗaya shekararsu ɗaya da Carlos Santana na Jamhuriyar Dominika, 1986. Auta ya ce ashe ranarsa ta manyan mutane ce. Yayarsa ta leƙa wayar ta ce ai biyun farkon sun mutu, Hunter a 1999, Carter a 2012. Na ce ta bar masa farin cikinsa. Allah ya raya mana shi, ya shirya shi.

Aiki ba laifi. Ƙishirwa dai.

Wajen ƙarfe uku rana ta kisfe. A nan Atlanta ba ta rufe duka ba, haske ne kawai ya yi wani iri, kamar la'asar sakaliya ta shigo ba lokacinta ba. Mun fito bakin ƙofa ana miƙa wa juna tabarau na kwali. Abbansu ya samu sallar kisfewar a masallaci, ni ban samu ba. A Cleveland aka ce duhu ya rufe gaba ɗaya, mutane na zaune a filin wasa suna jiran wasan farko na gida na bana.

To abin da ya hana ni barci ga shi.

Kafin shan ruwa na zuba wa Baba na ƙasa, dattijon maƙwabcinmu da ke hawan ƙasa, ƙosai da farfesun kaza kamar kullum, Auta ya ce shi zai riƙe tiren, yana sanye da rigar Braves, ƙungiyar besbol ta Atlanta, wadda Abbansu ya saya masa ta zagayowar haihuwa. Muka tarar da Baba a gaban talabijin, ana nuna bikin cikar shekara hamsin da bugun Hank Aaron, tsohon gwanin Braves, baƙar fata. Ya ce mu zauna. Ya dubi rigar, ya dubi yaron, ya ce, "Jikana, ka san abin da ya faru rana irin ta yau?"

Auta ya gyara tsayuwa ya zubo masa shi tas. 8 ga Afrilu, 1974. Braves da Los Angeles Dodgers. Zagaye na huɗu, Al Downing ya yi jifa, Aaron ya narka wa ƙwallo sanda ta tsallake katangar hagu, karo na 715 ke nan da ya tsallakar da ƙwallo katanga, ya wuce 714 na Babe Ruth, gwanin farar fata, da ya tsaya tun 1935. Mai jifan da mai bugun duk lamba 44 ce a bayansu. Mutum 53,775 a filin. Tom House ne ya cafke ƙwallon a bayan katanga ya rugo da ita ya kawo masa. Wallahi na ji daɗin yaron nan, ko tuntuɓe bai yi ba.

Baba ya gyaɗa kai ya ce duk daidai ne. Sai ya rage muryar talabijin ya ce, "Amma ni ban yi tafi ba a daren nan."

Ya ce yana saurayi lokacin, a falon mahaifiyarsa suka kalla, gida cike da maƙwabta. Da ƙwallon ta tashi kowa ya miƙe, sai ga wasu samari biyu fararen fata sun diro cikin fili suna bin Aaron a guje yana zagaya tashoshi. Ya ce mahaifiyarsa ta rufe fuska da hannu biyu, falon ya yi tsit, kowa na jiran ƙarar bindiga. Ashe murna ce ta kawo samarin, bayansa kawai suka bubbuga. "Amma 'yata," in ji shi, "mu ba mu san da haka ba. Watanni muna jin ana cewa za a kashe shi."

Na ce, "Baba, a kan wasa?"

Ya ce a kan wasa. Aaron ya ƙare kakar 1973 da 713, saura ɗaya ya kamo Ruth, sai ya shafe hunturu guda yana jira, wasiƙu na ta zuba. Cikinsu akwai na fatan alheri da yawa, akwai kuma na waɗanda ba za su iya ganin baƙar fata ya wuce Ruth ba, suna gaya masa inda za su harbe shi. Aka haɗa shi da ɗan sanda mai gadinsa. 'Yarsa da ke karatu a Jami'ar Fisk a Nashville ita ma aka yi barazanar sace ta. In ƙungiya ta yi tafiya sai a kama masa ɗaki da wani suna daban.

Daga nan ya nuna mana talabijin, an dawo da tsohon hoton. Aaron ya iso tashar gida, jama'a sun yi masa caa, sai wata dattijuwa ta kutsa ta ƙanƙame shi. Baba ya ce, "Uwarsa ce, Estella. Dubi hannunta da kyau. Wannan ba rungumar murna kaɗai ba ce. Jikinta ta sa tsakaninsa da duk wanda ke riƙe da bindiga." Na duba. Ta maƙale wuyansa ta ƙi saki, namiji ɗan shekara arba'in, ita kuma ba wata mai girman jiki ba. Da aka ba shi makirufo, abin da ya faɗa bai wuce godiya ga Allah da abin ya ƙare ba.

Ban san lokacin da na kama kafaɗar Auta ba.

A kan bene muna hawowa ya ce, "Umma, me ya yi musu?" Na ce babu. Ya ce to don me. Na ce don ya fi gwaninsu, kuma launinsa irin namu ne. Bai ƙara cewa komai ba. Muka sha ruwa, aka yanka kek, Yayarsa ta yi ta ɗaukar hoto za ta tura wa su Hajiya. Ya yi dariya, ya ci, amma na lura bai sake ɗauko maganar jerin nan nasa ba.

Bayan an dawo tarawihi na ɗauki wayarsa na duba jerin da kaina, ashe har da abubuwan da suka faru a ranar a ciki. Layi ɗaya aka ba abin: Aaron ya karya tarihin Ruth. Shi ke nan. Na bi na karanta sauran a wasu wurare. Wasiƙa kusan 930,000 ya samu a 1973, har hukumar gidan waya ta ba shi lambar shaida a kai. Munanan bai ƙona su ba, ya adana su, yakan ɗauko ya karanta bayan shekaru. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da komai. Mutumin da aka haifa a Mobile ta Alabama a 1934, ya fara da Indianapolis Clowns a gasar baƙaƙen fata, ya kai inda ba wanda ya taɓa kaiwa, amma abin da ya ajiye a gida takardun masu neman ransa ne. Gwamna Jimmy Carter yana filin a daren, Maynard Jackson ma yana nan, watanninsa uku da zama baƙar fata na farko da ya riƙe magajin garin Atlanta. Shugaban hukumar besbol ɗin kuwa, Bowie Kuhn, bai zo ba. Yana Cleveland wajen wani taro. A ganina wannan rashin zuwan ba ƙaramin abu ba ne, mutum na fuskantar barazanar kisa saboda wasanka, ranar da ya kamata ka tsaya kusa da shi kowa ya gani sai ka tafi wani gari.

Layi na gaba a jerin ma 8 ga Afrilu ne, 1975, a Cleveland ɗin. Frank Robinson ya shiga fili a matsayin baƙar fata na farko da aka ba jagorancin ƙungiya a babbar gasar, yana koci yana wasa. Ya sa sunansa cikin masu bugu, fitowarsa ta farko ya tsallakar da ƙwallo katanga, suka ci Yankees 5 da 3. Rachel, matar Jackie Robinson wanda ya buɗe wa baƙaƙen fata ƙofar wasa a babbar gasar a 1947, ita ta yi jifan buɗe wasa. Mijinta ya roƙi ganin wannan rana a bainar jama'a a Oktoban 1972, ya rasu bayan kwana tara bai gani ba. Shekara ashirin da takwas tsakanin barin baƙar fata ya yi wasa da barinsa ya ba da umarni.

Ina son yaron nan ya so wasansa. Ran Asabar in na zauna a bakin shingen waya da hijabina ina kallonsa tsugune da kwalkwali, iyayen sauran yaran suna gaishe ni da fara'a, wata ma kujera take ajiye mini. Ba wanda ya taɓa gaya mana baƙar magana a wurin, gaskiya ce wannan kuma dole in faɗe ta. Amma Baba na ƙasa da ransa da hankalinsa, abin da ya gani da idonsa yake faɗa, a garin nan da muke zaune. Waɗanda suka rubuta wasiƙun nan wasunsu sa'anninsa ne. Filin da Aaron ya yi bugun an rushe shi tun 1997, Aaron ya rasu a Janairun 2021 da bugu 755, mutanen kuwa ba duka suka tafi ba. Yau na gane ina zuwa kallon wasan Auta ne ban taɓa tunanin me zan yi ba in ranar ta zo da ya fi ɗan wani.

Saudiyya ta sanar ba a ga wata ba, gobe talatin, Sallah sai Laraba. Ɗinkin Yayarsa bai iso ba. Naman miya na cikin firiza ban fitar ba. Auta na da atisaye gobe da yamma da azumi a bakinsa, ya ce ba zai fasa ba.

Na gaya wa Abbansu tambayar da yaron ya yi mini a kan bene, na ce ya kamata mu zaunar da shi mu ba shi labarin duka, har da wasiƙun, tun bai ji shi a bakin da ba zai tausasa masa ba. Ya ce a bari sai bayan Sallah, kada a ɓata masa mako. Ni dai ban ga abin da jiran zai ƙara ba, amma na yi shiru.