Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kwananmu a Tenere

Makon jiya na tsaya a inda na bar Damagaram ban yi wa Kawu sallama ba. Har gobe 'yan ɗakinsa na kiran abin rashin kunya. Su dai ba gonar ubansu aka sayar ba tun kafin a yi sadakar arba'in.

Goggo ce kaɗai ta rako ni bakin zaure, ta ce, "Ɗan nan, ƙasar Allah da faɗi take, kai ne ka matse ta a ƙirjinka." Haushi ma maganar ta ba ni. Zaman Agadas ba zan ɓata muku lokaci da shi ba, dako ne da kwanan tasha, har wani direba ya ɗauke ni yaron mota. Zamanin Shugaba Kunce na Nijar ne, muna kai gero da atamfa Dirku.

Wanda bai taɓa shiga hamadar Tenere ba yana jin rairayi ne kawai. Mota ta kafe, mu sauka mu rage iskar tayoyi, mu tona, mu cusa farantan ƙarfe, ta ɗan matsa, ta sake nutsewa. Ina tona ina lissafin buhunan da gonar nan take bayarwa, ina shirya kalaman da zan faɗa wa Kawu a gaban alƙali. Alƙalin da ban taɓa zuwa wurinsa ba, don Inna ta ce in na kai ƙaninta ƙara ba ta yafe nononta ba.

Mun yada zango a rijiyar Itaciyar Tenere. Itaciyar ƙayar ma ba mu tarar da ita ba, wani direba ya banke ta a 1973, an kai gangar jikinta gidan tarihi na Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta. Can gefe ga ayarin Buzaye masu zuwa ɗaukar gishiri Fashi da Bilma, raƙuma a durƙushe, madugu na duba ɗaurin kaya.

Bayan shayi na uku na ɗan nisanta, na yi taimama, don ruwan jarka na sha ne. Sanyi har cikin ƙashi. Na tayar da Isha'i, ba bango, ba katanga, ba kukan kare, sama ta sauko ta taɓa ƙasa ta kowane gefe, ga Kaza da 'ya'yanta tar a kaina. Tun rasuwar Baba ban yi sallar da Kawu bai shigo cikinta ba sai wannan. Na yi sujada goshina ya lume cikin rairayi mai sanyi, na kasa ɗagowa da wuri. Ƙirjina ya saki. Shekaru bayan haka, a wajen tafsiri, na ji malam ya karanto a Suratuz Zumar cewa ƙasar Allah yalwatacciya ce. Goggon da ba ta taɓa riƙe allo ba! Lokacin ta riga ta rasu, ina Sabha ta Libiya ban samu jana'izarta ba, wannan kuma zancen wani makon ne.

Kada wani ya ce a daren na yafe gonar. Ban yafe ba, kuma 'ya'yan Kawu su san ina sane da wanda ya saya da nawa aka biya. Barci dai na yi, irin wanda rabona da shi tun Damagaram, har sai da direba ya taɓa ni da ƙafa ya ce, "Kai yaro, tashi ka duba ruwan lagireto."

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda muka shiga Dirku da taya ɗaya a fashe, da saƙon Inna da na tarar yana jirana.